Neman daɗaɗɗen DNA a lakar tekunan ƙanƙara: amsa ga mai shirin shiga aikin

Tambaya: Malam, na kammala digirin digirgir a fannin nazarin ƙwayoyin halitta. Na ga sanarwar gurbin bincike na shekara biyu zuwa uku a Turai, ana neman wanda zai yi amfani da daɗaɗɗen DNA ya gano yadda rayuwa ta kasance a tekunan ƙanƙara a zamanin da. Anya DNA yana daɗewa haka a cikin teku? Mene ne ainihin aikin? Kuma wadda ta tashi a ƙasar zafi, ba ta taɓa ganin ƙanƙarar teku ba, tana da abin yi a ciki?

Amsa: Dakta, barka da kammalawa, Allah Ya sanya albarka a karatun. E, DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon kowace halitta, yana daɗewa a lakar ƙasan teku, yana ma daɗewa fiye da yadda masu fannin suka zata shekara ashirin da suka wuce. Amma ina so ki riƙe abu ɗaya tun daga nan, domin shi zai raba ki da sauran masu neman gurbin. Duk lakar da kika ɗebo, ko daga ina, za ki sami DNA jingim a cikinta, samunsa ba wahala. Wahalar ita ce ki gamsar da mutanen da ba su yarda da ke ba cewa guntun da kika karanta tsoho ne da gaske, shekarunsa ɗaya da na lakar da ya fito daga ciki, kuma sunan da kika ba shi nasa ne. Kusan duk ƙwarewar fannin a nan ta taru.

Ga dalilin da ya sa ake zuba kuɗi a kai. Lissafin faɗin ƙanƙarar teku da tauraron ɗan'adam ke bayarwa ba yankewa daga 1979 ya fara. A cikin wannan ɗan lokaci, ƙanƙarar da ke saura a tekun Aktik na ƙuryar arewacin duniya a watan Satumba, lokacin da ta fi ja da baya, tana raguwa da kusan kashi 12 cikin 100 a kowace shekara goma. Mafi ƙarancinta an gan shi a 2012, kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4. A kudu kuwa, ƙanƙarar da ke kewaye da Antatika ta daɗe ba ta ragu ba, sai daga 2016 ta fara zubewa, a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa kimanin miliyan 1.8, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa. Shekara arba'in da 'yan kai ba su isa su nuna mana abin da zai sami halittun da rayuwarsu ta rataya a kan wannan ƙanƙara ba. Sai dai duniya ta sha yin ɗumi da sanyi a baya. Wajen shekara 125,000 da suka wuce ƙuryoyin duniya biyu sun fi yau ɗumi. Wajen shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta kai matuƙar yaɗuwarta, daga nan ta ja da baya har aka shiga zamanin da muke ciki, wanda ya fara shekara 11,700 da suka wuce. Abin da ya sami halittun teku a kowane ɗaya daga waɗannan sauye-sauye yana nan kwance a ƙasan ruwa.

Idan kin taɓa leƙa rijiya ana haƙa ta, kin ga yadda ƙasa take hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Haka ƙasan teku yake, sai dai shi yana taruwa ne daga abin da ke zubowa daga bisa: gawarwakin ƙananan halittu, kashinsu, ƙura, da tsakuwar da tsaunukan ƙanƙara masu yawo ke saki idan sun narke. A wasu wurare santimita kaɗan ke taruwa a shekara dubu, a wasu kuma ya ninka haka sau da yawa. Daga jirgi ake soka dogon bututu a zaro sandar laka, a tsaga ta biyu a tsaye, a adana rabi, a yi aiki da rabi.

Tun kafin zuwan DNA masana suna karanta wannan laka da madubin hangen ƙananan halittu, kuma kada ki yarda wani ya raina miki wannan tsohuwar hanya, don da ita za ki auna taki. Babban abin da suke dubawa a tekun kudu shi ne dayatom, 'yan tsirrai masu ƙwayar halitta guda da ɓawon silika mai kama da gilashi, waɗanda ke haɗa kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk abincin da tsirrai ke haɗawa da hasken rana a duniya. In aka ga ɓawon *Fragilariopsis curta* da *Fragilariopsis cylindrus* da yawa, an san ƙanƙara ta rufe wurin a lokacin sanyi. In *Fragilariopsis kerguelensis* ta rinjaya, buɗaɗɗen ruwa ne. A 2007 Simon Belt da abokan aikinsa a Ingila suka ƙara wani ma'auni, wani maiƙo da ake kira IP25 wanda 'yan nau'o'in dayatom masu zama cikin ƙanƙarar Aktik kaɗai ke yi. Duk waɗannan suna da amfani, amma ganinsu taƙaitacce ne. Mai ɓawo mai kauri kawai ke isa ƙasa ya zauna, mai ɓawo siriri narkewa yake yi a hanya. *Phaeocystis antarctica*, wadda ke mamaye Tekun Ross da bazarar can, ba ta barin ɓawon da za a ƙirga. Kiril, ɗan ƙaramin jatan landen da kifayen wel da tsuntsayen fengwin suka dogara da shi, kusan ba ya barin komai. Haka tsutsotsi, haka mafi yawan ƙananan dabbobin da ke yawo a ruwa. Mafi yawan mazauna teku ba su da ƙashi ko ɓawo, saboda haka tarihin da aka rubuta da madubi tarihin 'yan tsiraru ne. DNA kuwa kowa na da shi.

Me ya sa yake daɗewa a can? Abubuwan da ke karya DNA su ne ruwa, zafi, iskar oksijin da ƙananan halittun da ke cin sa. A 2012 Morten Allentoft da abokansa sun auna ƙasusuwan tsuntsun mowa na New Zealand, suka gano cewa a zafin kimanin digiri 13, rabin mahaɗan DNA na karyewa cikin shekara 521. Da zafi ya sauka, lalacewar na raguwa sosai. Ƙasan tekun ƙanƙara yana kusa da digiri sifili shekara da shekaru, babu hasken rana, a wurare da yawa oksijin na ƙarewa da an ɗan nutsa cikin lakar. Sannan guntayen DNA suna manne wa ƙwayoyin yumɓu, mannewar nan kuma tana kare su daga sinadaran da ke narkar da su.

Misalin da ya fi dacewa ki sani ciki da bai shi ne na Linda Armbrecht ta Jami'ar Tasmaniya a Ostareliya. Ta shiga balaguro na 382 na shirin haƙar ƙasan teku na duniya, a jirgin JOIDES Resolution, daga Maris zuwa Mayun 2019, a Tekun Scotia da ke arewa da tsinin Antatika, hanyar da mafi yawan tsaunukan ƙanƙara ke bi in sun ɓalle. A 2022 ta fitar da sakamako: DNA na halittun teku mai kimanin shekara miliyan ɗaya, na dayatom kuma har shekara 540,000. Abin da ya fi jan hankalina ba tsufan ba ne. Kafin shekara 14,500 da suka wuce, dayatom ba su kai kashi 10 cikin 100 na DNA ɗin halittu masu cibiyar ƙwaya (wato waɗanda ba bakteriya da ire-irensu ba) ba, bayan nan suka haura zuwa kusan kashi 50. Lokacin ya zo daidai da wani zamani da ƙanƙara ta narke da sauri, teku ya cika da mita da yawa cikin 'yan ƙarnuka. Wato tushen abincin tekun baki ɗaya ya juya.

A arewa, Heike Zimmermann da abokan aikinta a Cibiyar Alfred Wegener ta Jamus sun karanta laka ta shekara 20,000 daga yammacin Tekun Bering, gefen Kamchatka. Suka ga lokacin da ƙanƙara ke rufe wurin, dayatom da ƙananan jatan lande da dangin kifin kod ne suka rinjaya. Da ƙanƙara ta tafi, sai bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana, da kifin salmon da na herin suka karɓe wurin. Wannan ya fito a 2023, kuma madubi ba zai taɓa nuna shi ba. Stijn De Schepper na Bergen a Norwe ya nuna tun 2019 cewa ana samun DNA na kusan shekara 100,000 a lakar Tekun Girinlan, har da na *Polarella glacialis*, wata 'yar halitta da ke rayuwa cikin ƙanƙarar teku, wadda yanzu ake amfani da ita a matsayin shaidar ƙanƙara. Mafi tsufa duka shi ne na Kap København a can ƙuryar arewacin Girinlan, wanda Kurt Kjær da Eske Willerslev na Danmak suka bayyana a Disambar 2022: shekara miliyan biyu, daga lakar wani tsohon bakin teku, da DNA na bishiyoyi, barewar ƙanƙara, zomo, dinya, wata tsohuwar giwa da ake kira mastodon, da halittun ruwan da ke nuna teku ya fi yau ɗumi ƙwarai.

Yanzu ga inda aikinki zai kasance. Gurɓata tana farawa tun a jirgi. Manyan jiragen haƙa suna tura ruwan teku cikin ramin don sanyaya bakin na'ura da fitar da ɓarɓashi, ruwan nan kuwa cike yake da DNA na halittun yau. Shi ya sa a balaguro na 382 aka zuba wani sinadari na shaida a ruwan haƙar, sannan aka auna shi a gefen sandar laka da tsakiyarta. In an same shi a tsakiya, an san ruwan ya ratsa, samfurin ya zama abin zargi. Mai ɗiban samfuri yana sanye da rigar kariya da takunkumi da safar hannu, yana kankare saman lakar, ya soka sirinjin da aka yanke wa baki a tsakiyar sanda, ya rufe, ya kai firiza nan take. Ana kuma ajiye kwalabe a buɗe a ɗakin don a san abin da iska ke ɗauke da shi.

A ɗakin gwaji tsananin ya fi haka. Ɗakin daɗaɗɗen DNA ana ware shi daga duk inda ake yin PCR, wato hanyar ninka guntun DNA ya zama kwafi masu yawa, in so samu ne a wani gini dabam. Iskar da ke shiga a tace take, kuma ana tura ta da ƙarfi don ta riƙa fita waje maimakon ta waje ta shigo. Ana goge komai da bilic, a haska fitilar UV da dare. Wanda ya shiga ɗakin PCR ba ya shiga wannan ɗaki a ranar. Dalili kuwa, ɗigo ɗaya na abin da PCR ta ninka yana ɗauke da kwafi biliyoyi, samfurinki mai shekara 200,000 kuma wataƙila 'yan guntaye ɗari na halittar da kike nema ne a cikinsa. Kowane rukunin aiki yana tafiya da kwalbar shaida wadda ba a sa laka a ciki ba, a bi da ita ta kowane mataki har na'urar karantawa. Ba a sa ran ta fito fayau, domin su kansu sinadaran da ake saya daga kamfani suna zuwa da ɗan DNA nasu. Abin da aka gani a cikinta shi ake cirewa daga sakamako, a kuma bayyana shi a fili a rubutu.

Ko kin tsare duk wannan, lakar kanta tana da mazauna masu rai. Bakteriya da funfuna suna rayuwa cikin laka har zurfin ɗaruruwan mita, a hankali suke numfashi amma da ransu. Wasu dayatom, musamman dangin *Chaetoceros*, suna yin ƙwayar barci da kan farka bayan shekaru masu yawa. To ta yaya za ki bambance DNA na mataccen da ya daɗe da na mai rai? Da tabon tsufa. Daɗaɗɗen DNA gajere ne, galibi bai kai haruffa 100 ba (haruffan DNA huɗu ne: A, C, G da T), da yawa ma tsakanin 30 da 70. Sannan a bakin kowane guntu, inda igiya biyun da suka haɗu suka yi DNA suka warware, harafin C yakan lalace ya koma wani sinadari da na'ura ke karantawa a matsayin T. In kika jera dubban guntaye a kan jerin halittar da aka sani, za ki ga sauyin C zuwa T ya yi tsalle a harafin farko, ya sauka a hankali zuwa tsakiya. Wannan zane shi ne takardar shaidar fannin, kuma ya kamata tabon ya ƙaru yayin da ake nutsawa cikin laka. Amma shi ma yana da iyaka. Sai an sami guntaye da yawa na halitta ɗaya kafin zanen ya fito, kuma lakar da ba ta wuce shekara dubu kaɗan ba a wuri mai tsananin sanyi tana iya zuwa da tabo kaɗan ƙwarai ko da tsohuwa ce. Sanin inda wannan hujja take aiki da inda ba ta aiki yana cikin abin da za a gwada ki a kai.

Hanyoyin karantawa uku ne, kuma a nan ina da ra'ayi. Ta farko ita ce a zaɓi gajeren yanki ɗaya na gado, kamar wani sashe na 18S ko na rbcL ga dayatom, a ninka shi da PCR, a karanta. Tana da araha, tana kama abin da yake kaɗan, tana ba da damar yin samfuri da yawa. Aibinta biyu: tana fifita dogayen guntaye, waɗanda sau da yawa su ne na zamani, kuma tana shafe bakin guntu, inda tabon tsufa yake. Ta biyu ita ce a karanta duk abin da ke cikin kwalba ba zaɓe. Wannan tana adana tabon, amma tana cin kuɗi, kuma mafi yawan abin da za ki karanta ko dai na bakteriya ne ko kuma ba a san mai shi ba. Ta uku tana tsakani: a ƙera koto, wato guntayen RNA (ɗan'uwan DNA) masu kama da na halittun da ake nema, su kamo nasu daga cikin taron, a wanke saura. A ganina, wanda ke aiki kan shekara dubu goma na baya-bayan nan da tambaya mai kaifi zai iya dogara da ta farko in ya tsare shaidunsa. Wanda zai ce ya sami DNA na shekara dubu ɗari ko fiye, kuma PCR ce kaɗai hujjarsa, ni ban gamsu ba, masu tantance maƙala ma da wuya su gamsu.

Sai matsalar suna. Kwamfuta tana kwatanta guntunki da abin da ke cikin rumbuna irin su GenBank, SILVA da PR2. Halittun tekunan ƙanƙara da yawa ba a taɓa karanta gadonsu ba. In mai guntun ba ya cikin rumbu, kwamfuta ba ta yin shiru, sai ta ba ki sunan wanda ya fi kusa, ko da ɗan tekun Indiya ne. Guntu mai haruffa 35 kuma yana iya dacewa da halittu goma da ba su haɗa komai ba. Saboda haka mai gaskiya yakan tsaya a matakin dangi in hujja ba ta kai ga nau'i ba, ko da hakan zai rage wa maƙalarsa armashi. Ina ganin wanda ya ba da wata shida yana karanta gadon halittun da aka raina a ɗakin gwaji don cike rumbun ya yi wa fannin hidimar da ta fi ta masu tseren kafa tarihin tsufa.

Haka nan yawan guntaye ba shi ne yawan halittu ba. Wasu ƙananan halittu masu bulala biyu suna da gadon da ya ninka na ɗan'adam sau da yawa, ƙwaya ɗaya tasu sai ta cika kwalba. Kuma sakamakon kaso ne: in kason wani ya hau, dole na wasu ya sauka ko da yawansu bai canja ba. Igiyar ruwa tana iya ɗauko DNA daga nesa, tsutsotsin ƙasan teku kuma suna cakuɗa santimita da dama na saman laka. Maganin da aka fi yarda da shi shi ne a ɗebo lakar saman ƙasan teku daga wurare da yawa, a kwatanta DNA ɗinta da abin da tauraron ɗan'adam ya nuna na ƙanƙara a wuraren, a ga ko ma'aunin yana faɗin gaskiya a yau kafin a tambaye shi labarin jiya.

DNA kuma ba ya faɗin shekarunsa, lakar ce ke faɗa. Kabon-14, ma'aunin shekarun abin da ya taɓa rayuwa, yana aiki har kimanin shekara 50,000, amma a teku yana da tarko. Halittar da ta mutu yau a teku takan nuna kamar ta shekara 400 a matsakaici, a tekun kudu kuwa fiye da 1,000, saboda tsohon ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Ga shi ɓawon alli da ake aunawa yana da ƙaranci a kewayen Antatika. In an wuce iyakar kabon, ana dogara da juyewar maganaɗisun duniya, wanda na ƙarshe ya faru kusan shekara 780,000 da suka wuce, da kuma daidaita alamun ƙura a laka da na sandar ƙanƙara mai shekara 800,000 da aka haƙo a Dome C na Antatika. Ba ke za ki yi wannan ba, amma dole ki fahimce shi, don kuskuren shekara dubu biyu yana iya mayar da sanadi ya koma sakamako.

Game da yadda ranakunki za su kasance: mai yiwuwa ba za ki hau jirgi ba sam. Da yawa daga waɗannan gurabe an gina su ne a kan lakar da aka riga aka ɗebo. JOIDES Resolution ma ya yi balaguronsa na ƙarshe a 2024, a Mashigin Fram tsakanin Girinlan da Svalbard, kuma sandunan da ya tara suna ajiye a Bremen ta Jamus, Texas ta Amurka da Kochi ta Japan, inda kowane mai bincike zai iya neman samfuri. Jirage irin su Polarstern na Jamus, Kronprins Haakon na Norwe da S.A. Agulhas II na Afirka ta Kudu suna ci gaba da fita, in rabo ya rantse za ki samu gurbi. Amma ki sa a ranki cewa 'yan watanni ne a ɗakin gwaji, sauran lokacin a gaban kwamfuta da rubutu.

Shekara biyu gajere ne ƙwarai a wannan aiki, shi ya sa tambayoyin da za ki yi wa shugaban binciken suke da nauyi daidai da waɗanda zai yi miki. Samfuran suna hannu ko sai an je ɗebowa? In sai an je, balaguro ɗaya da aka ɗage zai cinye rabin kwantiraginki. Don DNA aka ɗebe su aka daskarar, ko daga tsohuwar ajiya ce mai sanyin digiri 4, inda funfuna kan tsiro a kan laka? An riga an tsayar da shekarun lakar? An taɓa gwada ko da samfuri biyar an ga tabon tsufa? Kuɗin karanta DNA yana cikin kasafi? Wa zai zama na farko a jerin marubuta? Shugaba nagari zai ji daɗin waɗannan tambayoyi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi sauƙi. Mafi yawan masu wannan aiki ba a kan ƙanƙara aka haife su ba, daga fannoni dabam-dabam suka shigo, kowa da giɓinsa. Ke kin zo da hannun da ya saba da ɗakin gwaji, wanda masanin duwatsu zai yi shekara yana koyo. Abin da za ki cike shi ne ilmin teku da na laka, da sarrafa bayanai: manhajojin Linux, R ko Python, da aiki a kan babbar kwamfutar jami'a daga nesa. In wannan gurbin bai samu ba, akwai tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai da na Gidauniyar Humboldt ta Jamus, dukansu a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, sai dai ke za ki nemo mai masaukin baƙi ki rubuta tsarin bincikenki. Akwai kuma ƙungiyar masu nazarin DNA na laka ta duniya, wadda ke tarukanta ta intanet, wuri ne mai kyau na sanin wa ke neman ma'aikaci.

Kuma tekunan nan ba su yi mana nisan da ake zato ba. Wajen shekara 16,000 zuwa 17,000 da suka wuce, tsaunukan ƙanƙara sun ɓalle da yawa cikin arewacin Atlantika, ruwan daɗin da suka saki ya raunana babban zagayen ruwan teku, damina ta ja kudu, yankin Sahel ya shiga fari mai tsanani. Lakar da aka haƙo a gaɓar Senegal ta adana shaidar hakan. Dayatom ɗin ma ba baƙinki ba ne: wani kaso na ƙurar hunturu da ke rufe Kano da Damagaram daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, farar ƙasar wurin kuwa ɓawon dayatom ce da tsohon Tafkin Chadi ya bari, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, wajen shekara 7,000 da suka wuce. Zafi yana gaggauta lalacewar DNA, gaskiya ne, amma an riga an karanta DNA na tsirrai na shekara 5,000 daga lakar wani tafki a Jamhuriyar Benin, an kuma yi na dayatom a Tafkin Naivasha na Kenya. Hannun da ya ƙware a lakar Antatika zai yi aiki a tafkunanmu.

Kafin ranar ganawa, ga abin da nake ba ki shawara. Mafi yawan binciken da na ambata sun ajiye ɗanyen bayanansu a rumbunan da kowa zai iya saukewa kyauta. Ki ɗauki samfuri biyu daga sanda ɗaya, na sama da na can ƙasa, tare da kwalbar shaidarsu. Ki tace su, ki ba guntayen suna, ki zana tsawonsu da sauyin C zuwa T na kowanne, sannan ki rubuta shafi ɗaya kan sunayen da kika yarda da su, da waɗanda kika ƙi, da dalili. Ki haɗa shafin da takardar neman aikinki. Allah Ya ba da sa'a.